Kwanan Watan da Ɗanjuma Ya Koya

"Sake karantawa," in ji Ticha Marcellinus, ya karkato da kunnensa mai ji.

Mansur mai kemis ya sake bin takardar da yatsa yana juya ta zuwa Hausa. Daga ofishin fansho na Ghana take. Sun ce shaidar rai da aka aika musu bana ba ta karɓu ba, domin kwanan watan da mai shaida ya rubuta ba su san irinsa ba. Sun ɗage sunan Ticha har sai sun aiko wata an cike daidai.

Ɗanjuma ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Shi ne mai shaidar. Shekara tara ke nan, duk sanda takardar ta zo Ticha zai cike abinsa, ya nuna masa inda zai sa hannu cewa maƙwabcinsa na nan da rai. Bana yanar ido ta hana tsohon gani, sai ya ce masa ya rubuta har da kwanan wata. Shi kuwa Ɗanjuma, da allo kaɗai ya sani, ya gyara zama ya zuba musu Sha'aban 1445 da ajami, har yana yaba kyan hannunsa.

"Ticha, ka yafe ni," ya ce bayan Mansur ya tafi. "Masara ina da ita. Ba ka kwana da yunwa ina numfashi."

"Ba maganar ciki ba ce, Ɗanjuma." Hausarsa har yanzu da ɗan karkacen Ghana, bayan shekara arba'in a Malumfashi. "Iyayena babu, ƙannena babu, matata tana maƙabartar coci nan bayan gari. A duk ƙasarmu su kaɗai suka rage masu tambaya ko ina raye. Sau ɗaya a shekara."

Wannan magana ta tsaya wa Ɗanjuma a rai.

Daga ranar, in ya taso daga gona sai ya tsuguna gaban kujerar Ticha a gindin dalbejiya, ya share ƙasa, ya rubuta kwanan watan ranar da boko. Tsohon ya sunkuyo ya lalubi zanen da yatsa.

"Wannan bakwai ne ko fartanya? Miƙar da ƙafarsa! Da a ajina kake da ka sha bulala."

"Da gemun nawa, Ticha?"

"Har da shi."

Duk ranar kasuwa Ɗanjuma sai ya hau babur ya leƙa gidan waya. Damina ta wuce, aka karye masara, aka fara tsinkar auduga, takarda shiru. Ticha ya daina tambaya da baki, sai dai in ya ji tsayuwar babur ya ɗaga kai. Ɗanjuma ya fi tsoron wannan ɗaga kan da kowace irin tambaya.

Ran wata Alhamis da hantsi ya kai wa Ticha koko, ya same shi a kujera, rediyo na ta magana a cinyarsa, shi kuwa ya riga ya tafi.

Wajen binnewa fada ne, wato limamin cocin, da mutum huɗu na coci, sai Mansur, sai Ɗanjuma. Magini ya shafe kabarin da siminti, ya zana sunan da ƙusa, sannan ya ɗago.

"Nawa ga wata ya rasu?"

Mutanen suka fara laluben waya a aljihu.

"Ba ni ƙusar," in ji Ɗanjuma.

Ya naɗe hannun riga ya durƙusa. Ya fara daga hagu, a hankali, harshensa tsakanin haƙora. Bakwai. Sha ɗaya. Dubu biyu da ashirin da huɗu. Ƙafar bakwai ɗin ta miƙe sak, babu ko karkata.

Ya daɗe a durƙushe, kansa a sunkuye, yana jiran yatsan da zai lalubi zanen. Simintin ya fara shan iska daga gefe.