Wa Zai Gwada Muryar?

…a'a, ba "an kammala" ba. Goge. In na rubuta haka, Madugu zai dawo min da shi kafin in ɗauke hannu daga madannai, da tambayar nan tasa da ba ya gajiya da ita: wa ya gwada? Shi ke haɗa rahoton wata na babbar manhajarmu, wannan da muke ginawa kyauta, kowa daga ɗakinsa, saboda tsofaffin kwamfutocin da duniya ta yafe. Duk mai so ya ɗauka, ya buɗe cikinta, ya gyara. Yau da la'asar zai rufe rahoton. Kowa ya cike layinsa, saura nawa. Murya, sai ɗigo biyu, sai fili fetal.

Kuma watan nan ya yi albarka, Yaya, da ma kana karantawa… da ma kana ji, nake nufi. Firinta ta daina haɗiye rabin shafi. Kwamfuta in ta yi barci yanzu tana farkawa, da kuwa sai an zare mata batir. Mai Kyanwa, wanda ban taɓa ganin fuskarsa ba sai ta kyanwarsa da ke taka masa madannai tana aiko mana da shirme, ya sa intanet ya kama ba tare da an jona waya ba. Har wani malamin makaranta ya rubuto daga wata ƙasa, wai ɗakin kwamfutocinsu da aka daɗe da kullewa ya buɗe, yara na rububin kujera. Na yi ta maimaita saƙon kamar ni aka yi wa albishir.

Ni kuma murya aka ba ni. A'a, ni na roƙa. Manhajar da za ta karanta wa mutum duk abin da ke kan allo. Kuma ta yi magana, wallahi ta yi, shekaranjiya, a kan kwamfutarka. Murya ce kamar ta mai mura, tana jan kalma tana sakinta inda bai kamata ba, amma ta karanta min shafi guda har ƙarshe ba ta sarƙe ba. Na zauna a ƙasa ina ta dariya ni kaɗai, har Mama ta leƙo tana tambaya ko lafiya.

Sai dai ƙa'idarmu ba ta san dariya ba. Ba a sa abu a rahoto a ce yana aiki sai wani, ba wanda ya rubuta shi ba, ya gwada da hannunsa ya shaida. A kan murya kuwa Madugu ya ƙara sharaɗi: rufe ido ba ya cikin lissafi, sai wanda da gaske ba ya gani. Na ji haushinsa… gaskiyarsa ce. Na sha ɗaure fuska da ɗankwali ina gwadawa, kuma da na rikice sai in tarar ɗankwalin ya zame da kansa, ba ruwana.

Ya tambaya a dandalinmu ko akwai wanda ya san irin wannan mutum. Na wuce saƙon kamar ban gani ba. Bango ɗaya ne tsakanina da kai.

—ki ɗauke ta, Auta, ki ba yara su yi wasa. Haka ka ce. Mun dawo daga wajen likita, ya gama bayanin yadda ciwon suga ya cinye jijiyoyin idon, ka laluba tebur ka turo min kwamfutarka da bayan hannu. Kai. Kai da ka koya wa rabin unguwar nan buga rubutu, kai da kake rufe min hannuwa da tawul ina ƙarama don kada in kalli madannai, in na leƙa ka ɗan ja min kunne… Na ɗauka. Ban ba yara ba.

Yanzu kana ɗaki, baƙi na shigowa suna ɗaga maka murya kamar kunnen ne ya tafi. Sannu, sannu, Allah ya ƙara sauƙi. Na ga yadda muƙamuƙinka ke ɗaurewa. Agogon nan mai faɗin lokaci da Kawu ya kawo, ina yake? Cikin durowa, ko ledarsa ba a yage ba. Ba ka karɓar abin da aka naɗe da tausayi, na sani. To wannan fa? In na shigo da kwamfutar ka sake cewa ki ɗauke? Layin rahoto ba komai ba ne, wani watan na zuwa. Kai nake tsoro. Tsoro nake ji kar ka tura ta karo na biyu, don in ka yi ba zan sake samun bakin kawo ta ba, kai ma ba za ka sake taɓa madanni ba har abada.

To, bari in bi ta daga farko, kamar kai ne. Ba daga tsakiya ba yadda na saba. A kashe ta ɗungurungum. Ɗankwali, ɗauri biyu, ba leƙe. Yatsa kan makunni… ta taso, na ji ɗuminta. Jira. Yanzu za ta yi gaisuwa.

Shiru.

Ƙila sifika ce. A'a, shekaranjiya ta yi. Jira dai… shiru. Me ke—

Na kwance. Ga shi nan a tsakiyar allo, ɗan akwatin nan mai kyau da muka yi ta musu da Mai Kyanwa kan ko shuɗi za a yi shi ko kore. "Kana son murya? Danna nan." Da linzamin kwamfuta, wanda sai ka ga kibiyarsa a allo. Danna nan… ina ne nan, Yaya? Ina ne nan ga wanda ba ya gani?

Innalillahi. Ashe duk gwajin da nake yi, sai na danna akwatin da idona biyu sannan in ɗaure fuska. Hannuna ke yi, ban ma san yana yi ba. Madugu ya bi aikin layi-layi, ya kama min har waƙafin da na manta, bai ga wannan ba. Mai Kyanwa ya yaba launi. Dukkanmu masu ido ne, shi ke nan. Mun gina ɗaki, mun share, mun kulle, mun bar makullin a ciki.

Dariya ce ke zuwa ko kuka? Ban sani ba. Gyaran ba wuya, kafin la'asar zan iya… zan iya me? Ta fara magana da an kunna? A ajin malamin nan fa, kwamfutoci cike da ɗaki duk su ɗau surutu lokaci guda? To a sa madanni na musamman. Wanne? Wanne yatsa ke fara samu ba tare da lalube ba? Kuma ta yaya mutum zai san ta gama tasowa, ƙara za ta yi, ko… Ban sani ba. Ko na kwana da ɗankwali a fuska ba zan sani ba. Ba a cikin kaina amsar take ba, tana bayan bangon nan.

Kai kuwa ba ka taɓa iya ganin kuskure ka wuce ba. Ka taɓa tashi kana tsakar cin abinci don gyara wa mai shagon ƙasa rubutun allonsa, Mama na kiranka kana cewa yanzu-yanzu. Da na kawo maka abu gamamme, kyauta ce, durowa za ta. Wannan kuwa ɓarna ce, shirmen ƙanwarka ne tsagwaronsa, kuma ba wanda zai iya gyara shi cikinmu. Ba taimakonka zan yi ba ashe. Ni ce ke nema.

Rubuta. "Murya: tana magana, amma sai mai ido ke iya tashinta. Muna kan gyara." In ƙara da cewa mun samu mai gwaji? A'a, ban tambaye ka ba tukuna. Tura. Ya tafi. Madugu ya ce abin da zai ce.

Zare caja. Nauyinta… da haka take da nauyi? Takalmi ɗaya, ina ɗayan, bar shi. Ƙofarka a sakaye take, ban ko yi sallama ba, ina tsaye da ita a rungume tana hura min iska mai zafi a hannu.

"Auta? Wannan ai ƙarar fankar kwamfutata ce."

Ka ce kwamfutata. Ba ka ce ki ɗauke ta ba… Yaya, tsaya, ta ina zan fara—