Hannun Hagu na Orville

Tun cikin Renae yana wata bakwai ta kafa wa iyayenta doka. Duk mai son ɗaukar abin da za ta haifa, sai ya yi allurar rigakafin tarin shiƙa, ya kuma jira sati biyu ta kama jikinsa. Jariri ba a fara yi masa tasa sai ya cika wata biyu, kuma tarin da babba zai ɗauka mura ce kawai, shi yana iya kai shi kabari. Renae ta ga ɗan ƙawarta a asibitin birnin Fargo yana tari har fuskarsa ta yi baƙi, don haka ba ta zo da wasa ba.

Ardis, mahaifiyarta, ba ta ja zance ba. Ta shiga gari sayen kayan miya, ta ratsa kemis ɗin da ke cikin babban kanti, aka yi mata, ta dawo gida. Mijinta Orville Haugen kuwa, manomin alkama ɗan shekara saba'in da huɗu, ya ce ina. Ya naɗe hannun riga ya nuna mata tabon lambar da aka yi masa yana ɗan firamare.

"Kin ga wannan? A layi aka jera mu a makaranta. Da na shiga soja ma suka huda ni kamar rariya. Allura ta yara ce, ni na gama tawa."

"Wannan ta agana ce, tsoho. Ta tari ƙarfinta raguwa yake yi, sai an sake."

"In ji wa?"

"In ji 'yarka."

"Ni na canza mata ƙunzugu. Bari ta haihu ki gani, da kanta za ta miƙo mini."

Ardis ta yi shekara hamsin da mutumin nan, ta san taurin kansa, ta kuma san wadda ta gada. Sai ta zuba ido, tana jiran ranar da dutse zai haɗu da dutse.

Aka haifi mace, aka sa mata suna Linnea. Ran Lahadi bayan coci iyayen suka kama hanyar Fargo, inda Renae take da zama, Orville ya sa rigarsa mai kyau, har da aske gemu. Renae ta buɗe wa mahaifiyarta, ta mai da ƙofar gilashi ta rufe.

"Baba, ka yi?"

"Haba Renae, ni ne fa."

"Na san kai ne, Baba. Ka yi?"

Bai yi ba. Ta ɗago jaririyar ta bayan gilashi don ya gani, hawaye na zuba a fuskarta, amma ba ta taɓa makulli ba. Ardis tana ciki da jika a gabanta, mijinta yana baranda riƙe da hularsa kamar mai tallan da aka ƙi saye. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai. Ta ji haushin 'yarta, ta ji haushin mijinta, ta rasa wanda za ta yi wa faɗa. A hanyar komawa ya kunna rediyo, ana ta faɗin farashin hatsi.

Girbi ya kama, ya fake da shi. Da an ambaci Linnea sai ya ce injin girbi na jiransa. Amma Ardis ta sha kama shi da wayarta a hannu, yana ƙara girman hoton yarinyar da ƙaton yatsansa.

Wata rana a wurin cin abinci ta ce ya miƙo mata butar kofi. Ya ɗaga da hannun hagu, ya yamutsa fuska, ya ajiye. Ta zagayo ta ɗage hannun rigarsa, sai ga filasta.

"A'a! Sojan da ya gama tasa?"

"Ƙusa ce ta karce ni."

"Ƙusar ce ta manna maka filasta mai hoton furanni?"

Ya yi dariya har da tari. Ya ce yarinyar kemis ɗin ta so ta ƙara masa ta mura da ta ciwon huhu, wai shekarunsa sun kai, ya ce mata ɗaya ma don dole ce. Ya roƙi Ardis kada ta gaya wa Renae, yana so ya je da kansa ya tsaya a ƙofar nan a sake tambayarsa. Ardis ta daɗe ba ta ji daɗi irin na ranar ba.

Saura kaɗan wa'adin sati biyun ya cika, ya tashi da safe ya ce hannun ya yi masa nauyi, yatsunsa ba sa jin komai.

"Kin gani ko? Allurarku ce."

"Kai dai akwai raki," in ji Ardis. "Nawa ma ya yi tsami. Sha kofinka."

Shi ya yarda allurar ce don dama yana neman laifinta, ita kuma ta yarda don ta saba da mitarsa. Ya fita gona. Sai da azahar, da ta kai masa abinci, ta same shi zaune a ƙasa jingine da tayar mota, bakinsa ya karkace. A asibitin Fargo likita ta ce shanyewar ɓarin jiki ce, daga hawan jinin da ya daɗe yana wasa da maganinsa, allura ba ruwanta. Ta tambayi lokacin da abin ya fara. Da Ardis ta ce tun da safe, likitar ta sunkuyar da kai. Ardis ta fahimta: da an kawo shi tun da safen, da abin bai kai haka ba. Kalmar rakin nan ta tsaya mata a rai, kuma har ta mutu ba za ta wuce ba.

Ya rayu. Ƙafar hagu da hannun hagu sun shanye, magana kuma sai an kasa kunne. Ardis ce ta gaya wa Renae zancen filasta a bakin ɗakin jinya, Renae ta zauna a ƙasa ta yi kuka kamar ƙaramar yarinya.

"Mama, da na buɗe masa ran nan."

"Da kin buɗe da bai yi ba. Tashi ki wanke fuskarki."

Da aka sallame shi, Renae ta kawo Linnea gidan gona. Orville yana kan kujera kusa da taga, an zagaye shi da matasai. Hannun dama yana da rai amma rawa yake yi, ya ƙi yarda a ɗora masa ita a kai. Da kai ya nuna hagu, inda ya saba ɗaukar jarirai. Ardis ta durƙusa a gefensa, ta lanƙwasa masa hannun, ta tallafe gwiwar hannun da tafukanta biyu. Renae ta kwantar da 'yarta a ciki.

Yarinyar ta yi miƙa, ta ci gaba da barcinta. Orville ya daɗe yana kallonta. Sannan ya juyo wajen matarsa, ya yi ta kokawa da harshensa har maganar ta fito.

"Tana... da nauyi?"

Ardis ce ke ɗauke da nauyin duka, hannuwanta har sun fara gajiya.

"Tana da nauyi, Orville," ta ce. "Ƙatuwa ce."