Flas ɗin Direba

Ɗakin da aka ba ni a asibitin a da ɗakin ajiyar kaya ne, har yau warin maganin goge ƙasa bai bar shi ba. Kujeru biyu, ƙaramin tebur, kwalin tishu, sai fanka mai kuka kamar an zalunce ta. A nan nake koyon aikin kula da masu damuwar zuciya, aikin da babu allura babu ƙwaya, sai magana da sauraro. Dakta, wadda ke duba aikina, ofishinta na ƙarshen baranda, kuma ba ta ɗaukar wargi.

A gidanmu ba a ambaton mugun abu. Ka ce kana jin kamar za ka kwanta ciwo, Mama za ta ce maza ka tofar da mugun yawu. Da wannan tarbiyyar na shigo aikin da rabinsa tambayar abin da ba a tambaya ne. Dakta ba ta daɗe ba ta gano lagona.

"Ke kewaya magana kike yi kamar mai tsoron kare," in ji ta. "Ran da jikinki ya ba ki, ki tambayi mutum kai tsaye, da sunan abin. Tambaya ba ta saka wa kowa tunanin da ba shi da shi."

Na ce to. Amma to ɗin baka ce, a raina addu'a nake kada ranar ta zo.

Cikin waɗanda nake gani akwai wani direban bas, dattijo, zai yi sa'an babana. Tun da motarsa ta yi hatsari fasinjoji suka rasu bai sake taɓa sitiyari ba. Matarsa ce ke rako shi duk Laraba, ta zauna a benci a waje. Shi kuma ya shigo rungume da wani tsohon flas kore, duk ya lotse, wanda ya ce babu hanyar da bai bi da shi ba. Sai ya zauna ya zuba wa ƙasa ido, in yi ta jan magana kamar mai jan guga a rijiya mai zurfi.

Wannan Larabar kuwa sai ga shi ya yi aski, riga a goge, har da murmushi.

"Likita, barka da aiki."

Na sha gaya masa ni ba likita ba ce tukuna, bai taɓa ji ba.

"Baba, yau ka yi fes."

"Na yi barci, 'yata. Rabon da in yi irinsa har na manta."

Daɗi ya kama ni. Har na fara tsara yadda zan ba Dakta labari, in ga ko ita ma tana da haƙoran dariya. Shi kuwa bakinsa ya buɗe. Ya ce ya je wurin yayarsa sun yafi juna. Tattabarunsa ya ba maƙwabci, tunda shi ma yana son kiwo. Rediyonsa ya ba ƙaninsa. Sai ya ɗora flas ɗin a kan tebur, ya turo shi gabana da hannu biyu.

"Wannan kuma naki ne. Kin yi haƙuri da ni."

Na kalli flas ɗin, ban taɓa shi ba. Mutumin da ko ban-ɗaki ba ya shiga sai da flas ɗin nan. An koya mana wannan a aji: wanda ya daɗe cikin ƙunci, rana ɗaya ya wayi gari da natsuwa yana rabon kayansa, ba lallai sauƙi ya samu ba. Wani lokacin shawara ya yanke.

Na ji muryar Mama a kunnena tana cewa kada in yi wa bawan Allah mugun baki. Idan kuma na yi kuskure fa? Dattijo ya zo da alheri, yarinya ta jefe shi da wannan kalma, ya tashi ya fita, ba zai sake dawowa ba. Idan kuma na yi shiru ya fita da murmushinsa fa? Tsoro nake ji ƙwarai, ta ko'ina.

"Baba," na ce, "ko akwai wani tunani da yake, wato, wani lokacin mutum idan ya gaji…"

Ya dube ni da ladabi yana jira. Na ji kaina ina kewaye-kewayen da na saba. Na katse kaina, na sake tambayarsa.

"Baba, kana tunanin kashe kanka?"

Fanka ta yi ta kukanta. Bakina ya cika da ban-haƙuri da neman gafara, na haɗiye su duka. Murmushin ya bar fuskarsa a hankali, ya koma dattijon da na sani.

"Kowa cewa yake na ji sauƙi," ya ce. "Har ita ta wajen, jiya sai da ta yi kukan murna." Ya share fuska da tafinsa. "E, 'yata. Haka ne."

Na gaya masa gaskiya, cewa ba zan bar shi shi kaɗai ba, kuma wannan ba maganar da zan riƙe ni ɗaya ba ce. Zan kira Dakta yanzu, sannan matarsa ta shigo, idan yana so ni zan fara yi mata bayani. Bai hana ni ba, bai kuma tashi ba. Na kira Dakta a waya. Kalma biyu na faɗa, sai na jiyo takalminta a baranda.

Kafin ta iso na tura masa flas ɗin.

"Ba zan karɓa ba, Baba. In dai shayi ne, ka zo da shi Laraba mai zuwa ka zuba min da hannunka."

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Sai ya miƙa hannu ya jawo flas ɗin, ya ɗora a cinyarsa, inda yake ajiye shi kullum.