Aiken Gashin Ƙashi

A shekarun da na yi ina buga tafireta a wata ma'aikatar gwamnati a Kaduna na ga manya iri-iri, amma ban ga wanda ya kai Malam Ja'afaru Sabo girman kai ba. Mataimakin sakatare ne kawai, amma in ya shigo ofis sai ka rantse shi ya gina ma'aikatar. Bai taɓa ɗaukar jakarsa da hannunsa ba. Jaridarsa, goronsa, cefanen gidansa da ke Doka, har layin mai, duk masinjansa ne, Baba Mamman, dattijo mutumin Kawo da ke zuwa aiki a kan wani tsohon keke. Da ana aike a yi wa mutum atishawa, wallahi da Baba Mamman ne zai yi masa.

A shekarar 1975 wuyan Malam Ja'afaru ya sage. Ciwon gaske ne, ba zan ci haƙƙinsa ba. Daga ƙeya yake tasowa ya sauko kafaɗa har gadon baya, in zai dube ni sai ya juyo da kujerar gaba ɗaya. Wani zai roƙi Allah sauƙi, shi kuwa sai ya hango Landan. Wani abokin aikinsa gwamnati ta kai shi can a kan ciwon ido, ya dawo da kwat da labarin da ba ya ƙarewa, tun ran nan abin ke cin ran ogan namu. Ni ya sa na buga takardar neman a fitar da shi waje, sau uku ina sakewa don a cewarsa ban zuba kalmomin ban tausayi yadda ya kamata ba.

Kwamitin likitoci ya amsa da sharaɗi. Sai ya fara zuwa sashen gashin ƙashi na asibitin gwamnati sau goma sha biyu, kowane zuwa a sa hannu a katinsa. In an gama bai sami sauƙi ba, to sai a duba maganar Landan.

Ya je sau ɗaya, kuma ko ciki bai shiga ba. Ya dawo yana huci, wai ya tarar da leburori da 'yan dako da tsofaffin mata jere a benci, ya leƙa ta taga ya ga wata yarinya da ba ta wuce sa'ar 'yarsa ba tana sa magidanta su tuɓe riga suna gyaɗa kai kamar ƙadangaru. Shi, mai mataki irin nasa, zai kwanta a gadon da ɗan dako ya tashi? Ya jefa katin a tebur ya ƙwala wa Baba Mamman kira.

Abin da ya sani shi ne, katin asibiti ba ya bukatar mai shi. Shekara da shekaru yana ba masinja kati ya je ya karɓo masa magani, kuma haka duk manya suke yi. Don haka ya ce duk Litinin da Alhamis Baba Mamman ya kai katin a sa hannu ya dawo da shi, kada ya dame shi da surutu.

Ranar farko Baba Mamman bai dawo ba sai bayan azahar, yana ƙamshin man zafi. Ya raɓo kusa da teburina yana waige-waige.

“Kaltume 'yata, yau na ga abu,” in ji shi. “Na miƙa kati, na ce hannu kawai za a sa. Yarinyar nan Ladidi ta ce ita ba ta sa hannu sai ta yi aiki. Na buɗe baki zan yi bayani, ta ce, ‘Baba, kowa haka yake faɗa, cire riga.’ To ni aike aka yi mini, in dawo babu sa hannu?”

Ashe faɗuwa ce ta zo daidai da zama. Katin ya ce ciwon wuya da baya, shi kuma shekara ashirin yana ɗaukar tulin fayil a ka daga bene zuwa bene, wuyansa da bayansa sun daɗe da ƙagewa, bai dai taɓa jin cewa irinsa ma ana duba su ba. Ta laluba ta sami ciwo daidai inda aka rubuta. Shekarun da ke kati kuwa ba ta kula ba, don wa ya taɓa yarda da shekarun ma'aikacin gwamnati? Ta gasa shi da wata fitila mai jan haske, ta murza shi, ta ɗaura masa wani maɗauri a haɓa da ke jan kai sama a hankali, sannan ta koya masa motsin da zai riƙa yi safe da yamma.

Na ce ya gaya wa oga. Ya kuwa gwada, a gabana. Ya rusuna ya fara, “Ranka ya daɗe, maganar asibitin nan,” sai Malam Ja'afaru ya katse shi ya tambaya ko an sa hannu. Da ya ce an sa, sai ya ce to me ya rage, ya tafi ya sayo masa goro. Ni ma da zan iya faɗa. Amma mutumin da shekara huɗu yake kirana “ke mai tafireta” bai taɓa riƙe sunana ba, ban ga dalilin da zan yi masa gwaninta ba. Na ja bakina na ci gaba da aikina, kuma ban ji ko ɗigon nadama ba.

Mako shida aka yi a haka. Baba Mamman bai fasa zuwa ko sau ɗaya ba, don shi mutum ne da ba ya wasa da aike. Bayan sallar la'asar sai ka gan shi a gindin dalbejiyar bayan ofis yana sunkuyar da kai yana ɗagowa, yana juya kafaɗu yana ƙirgawa. Muna kallo ya miƙe, tafiyarsa ta sake. Shi kuwa mai katin ya ɗinka kwat biyu, ya sanar da duk wanda ya tsaya saurare cewa likitocin nan sun gaza, kullum wuyan ƙara ƙagewa yake.

Ran da amsar kwamiti ta iso ni na buɗe ambulan, don aikina ne. Na karanta sau biyu saboda daɗi. Rahoton ya ce Malam Ja'afaru Sabo ya halarci gashi goma sha biyu cif, ya bi umarni fiye da kowane majiyyaci, wuyansa yana juyawa hagu da dama ba tare da ciwo ba, ya warke sarai. Babu bukatar fita waje. An aika kwafe ga Babban Sakatare.

Na kai masa na tsaya. Ya karanta, fuskarsa ta yi fari fat, ya daka wa Baba Mamman tsawa. Dattijon ya zayyana masa komai tiryan-tiryan. Malam Ja'afaru ya ce in ɗauko takarda, yanzu zai rubuta wa kwamiti cewa rahoton ƙarya ne, shi bai taɓa taka ɗakin ba.

“To Yallaɓai,” na ce, “in rubuta cewa katin da ka aika musu da sa hannu goma sha biyu, ba kai ka je ba?”

Ya sake duban rahoton. Lokacin ne gwamnatin soja ke share ma'aikata, kullum rediyo na karanto sunayen waɗanda aka sallama nan take, wasu a kan laifin da bai kai rabin wannan ba. In ya faɗi gaskiya aiki ya tafi, gidan gwamnatin da yake ciki a Doka ya bi baya. In ya yi shiru kuma, ya warke a takarda, kuma babu wanda zai ƙara sauraron kukansa. Ya ce in mayar da takardar inda na ɗauko ta.

Washegari muna tafe a baranda, ina biye da shi da fayil, sai Babban Sakatare ya fito daga ofishinsa a bayanmu, kwafen rahoton a hannunsa, wasu manya biyu tare da shi.

“Ja'afaru, barka da arziki. Ashe magani na nan gida. Waiwayo mu gani mana.”

Malam Ja'afaru ya tsaya cak. Ina kusa da shi, na ga ƙafarsa ta motsa za ta juyo da jikin gaba ɗaya, sai ya danne ta. Ya cije, ya murɗa wuyan nan da ƙarfi har na ji ƙarar ƙashi. Gumi ya karyo masa, idanunsa suka cika da ruwa, ya yage baki wai murmushi.

“Alhamdu lillahi, ranka ya daɗe,” ya ce. “Na warke.”