Kan Kifi a Bakin Ƙofa

Tun da mijinta ya rasu a farkon sanyi, Fusae ta daina cin abinci. Ba rigima take yi ba. A ajiye mata shinkafa da miya, ta ce an gode, ta juya kwanon sau biyu, shi ke nan. Likita ya ce in aka ƙara mako guda a haka, sai dai a kwantar da ita a sa mata ruwa. Ɗanta Tamotsu, ma'aikacin gidan waya ɗan shekara hamsin da shida, ya gwada lallashi, ya gwada faɗa, har girki ya yi mata da hannunsa. Ranar girkin nan, matarsa Sumie ma ba ta ci ba.

Ana cikin haka ranar jifan wake ta zo, bikin shekara-shekara na korar dodo daga gida. Shekara hamsin mahaifin Tamotsu ne ke yin shigar dodon gidan. Yakan sa jar fuskar katako mai ƙaho biyu, ya shigo yana ruri, a jefe shi da gasasshen waken suya, ya arce. Tamotsu ya tono kayan daga akwati da la'asar, ko Allah ya sa tsohuwa ta yi murmushi. Wandon dodon mai zanen damisa ya hau da ƙyar, ya tsaya ƙasan tumbi ya ce nan ya tsaya.

"Maigida," in ji Sumie, "dodo ne wannan ko kabewa?"

Ya zagaya ta waje, ya turo ƙofa, ya tuɓe takalmansa ya jera su tsaf, sannan ya shiga ɗakin tsohuwa ya saki rurinsa. Rurin ya ƙare da tari.

Fusae ta dube shi daga ƙaho har safa.

"Ta ina wannan ya shigo?"

"Ta ƙofa, Inna," in ji dodon.

"Ta ƙofa? To ina kan kifin?"

Sai a lokacin Tamotsu ya tuna. Kowace shekara akan soke kan gasasshen kifin sardin a reshe mai ƙaya, a maƙala a bakin ƙofa, don dodo ba ya jure warin, yana kuma tsoron ƙaya ta tsone masa ido. Shekara hamsin yana wuce abin nan, bai taɓa tambayar wa ke maƙala shi ba.

"Ashe gidan ubanka a buɗe yake, kowane ƙazamin dodo ya shigo!" Fusae ta dafa tabarma ta miƙe, abin da ta yi kwana goma ba ta yi ba sai an kama ta. "Sumie, ruga wurin mai kifi. Manya, kar ki yarda ya ba ki na jiya. Kai kuma fita."

"Inna, ni ne fa, Tamotsu."

"Da ƙaho a kanka kake ce mini Inna? Waje!"

Haka ya tsaya a bakin titi cikin wandon damisa, sanyi na cin gwiwoyinsa. Maƙwabci ya zo wucewa da karensa, ya rusuna ya gaishe shi. Tamotsu ya rusuna ya amsa. Karen ko haushi bai yi ba, abin da ya ɗan sosa masa rai.

Can hayaƙi ya fara fitowa ta tagar kicin. Sai ga tsohuwa ta fito da reshen da ta yanko da kanta, da kan kifin soke a jikinsa, ta maƙala shi a ƙofa, ta ɗebo wake cike da hannu.

"Dodo waje! Arziki ciki!"

Wai mai shekara tamanin da uku, wadda ba ta cin abinci. Ƙwaya ɗaya ta bi ta ramin idon fuskar katakon ta same shi a tabarau. Ya gudu kamar yadda aka saba, sai dai gudun nasa har da na gaske.

Da ya cire ƙahon ya dawo a matsayin ɗan gida, ya tarar da ita zaune gaban kifin, ta cinye gefe guda tana juya shi. Sumie na tsaye a bayanta, ta ɗora yatsa a baki tana masa alama kar ya ce uffan.

Tsohuwa ta ɗago. "Me kake kallo? Kan kifin kawai ƙofa take so. Sauran a zubar?"

"A'a, Inna."

"Ubanka da takalmansa yake faɗowa ciki, in kwana ina goge katakon daɓe. Kai kuwa har da jerawa." Ta zare ƙaya daga bakinta ta ajiye a gefen faranti. "Baɗi ka gyara. Sumie, akwai sauran shinkafa?"