Juya-Ganye

Ni ba mai kuka ba ce a wurin aiki, kowa a ofishinmu ya sani. Direban da na sallama bara har yau in ya hango ni sai ya canza hanya. Amma ranar da takardar hedikwata ta iso, rufe ƙofa na yi na zauna ina kallon bango kamar wadda aka yi wa rasuwa.

Takardar cewa ta yi daga bana babu malamin gona da zai sake taka gonar manomi da sunan aiki sai da lasisi. Lasisin kuma ba a bayarwa sai an gwada mutum a cikin gona, gaban alƙalai biyu: ɗaya daga hedikwata, ɗaya shugaban ofishin yanki. Shugabar ofishin yankin kuwa ni ce. Malamai goma sha ɗaya ne a ƙarƙashina. Goma ba su dame ni ba, wanda ya faɗi ya je ya sake karatu, jikinsa ne. Na sha ɗayan ne ya hana ni sukuni.

Juya-Ganye ake ce masa. Manoma ne suka laƙaba masa tun ban san hanyar makaranta ba, saboda duk abin da ka kawo masa, ko kuka kake, ko ihu kake amfaninka na mutuwa, amsarsa ɗaya ce: "Juya ganyen mu gani." Ya yi ritaya shekara huɗu da suka wuce, aka dawo da shi a kan kwantiragi don manoma sun ƙi sauraron kowa. Ni dai Malam nake ce masa, don shi ya koya mini aikin.

Ina da shekara ashirin da uku aka tura ni wurinsa, da sabuwar takardar shaida da kai kamar tulu. Ranar farko muka tsaya a wata gonar wake, na hango ganye ya yi rawaya, daga bakin hanya na yanke hukunci da ƙarfi don manomin ya ji: rashin taki ne. Malam ya shiga gonar. Ya durƙusa, ya kama ganye ɗaya ya juya, ya miƙo mini ɗan gilashinsa na ƙara girma da yake ratayawa a wuya da igiyar takalmi. Ƙwari ne cike, har suna hawa kan juna.

"'Yata," in ji shi, "saman ganye na mai wucewa ne. Mu ƙasan ake biyanmu mu duba."

Shekara shida na yi a bayan babur ɗinsa. Wallahi ina kewar shekarun nan, kewa irin wadda take tashe ni tsaye a tsakiyar taro. Fita da sassafe, raɓa na jiƙa mana ƙafar wando, ƙamshin ƙasar da aka yi wa ban-ruwa, jakarsa mai tsagaggen zif da yake ɗaurewa da roba. Yanzu kuwa tebur gare ni, da fanka mai ƙara, da waya da manoma ke turo mini hotuna ina amsawa ina cin abinci.

Na riga kowa gane idon Malam ya fara tafiya. Ya ajiye babur ya ce gwiwa ce. Sai na ga yana sa hannu a rajista ƙasa da layi, kullum ƙasa da layi. Wata rana ya ajiye kofin shayi a gefen tebur inda babu tebur. Ya yi dariya ya ce tsufa, na yi dariya na ce tsufa, muka share wurin tare, kowa ya san ƙarya yake.

Kwana uku kafin gwajin matarsa ta zo ofis. Mama muke ce mata duka, ni kuma 'yata take ce mini, ta sha ciyar da ni a gidanta lokacin da albashina ba ya kai ni rabin wata. Ko zama ba ta yi ba.

"Likita ya ce jijiyar ce, ba ta dawowa," in ji ta. "Yana ganin haske, yana ganin mutum kamar inuwa. Ke kin san shi. In kika zaunar da shi a gida kin gama da shi. Damina ɗaya kawai nake roƙonki, ɗaya tak."

"Mama, ba ni kaɗai ba ce alƙali."

"Ni ban san wani alƙali ba, ke na sani."

Ta tafi ta bar ni da ɗan littafin ƙa'idojin aiki a kan tebur, mai koren bango. Ƙa'ida ta uku na iya ta da ka: malami ba zai ba da shawara a kan abin da bai gani da idonsa ba. Abin haushin ma, daga bakin Malam aka ɗauke ta. Lokacin da kwamitin rubuta littafin ke zagayawa yana tambayar tsofaffin ma'aikata, ni na kai su wurinsa, ina ta washe baki.

Kada in ja ku da nisa, na yanke shawarar yin maguɗi. Ni ke zaɓen gonar gwaji, don haka na zaɓi lambun wani mai tumatir da ya turo mini hoto a waya ranar Litinin. Hoton a fili yake: tsofaffin ganyen ƙasa sun yi rawaya, na sama kore. Rashin taki, ko yaron firamare ya sani. Na ce wannan ita ce mai sauƙi, zan raɗa wa Malam amsa a hanya, ya faɗa, mu sa hannu, kowa ya kama gabansa.

Ranar gwajin na je gidansa da motar ofis na ɗauko shi tun kafin mutumin hedikwata ya iso. Ya sha guga, ya sa rigar aikinsa mai aljihu huɗu da ta koɗe a kafaɗa, gilashin na rataye a wuyansa. Mama ta rako shi har bakin mota, tana kakkaɓe masa abin da babu a jikin rigar.

Da muka hau titi na rage murya, ko da yake daga ni sai shi.

"Malam, tumatir ne. Ganyen ƙasa sun yi rawaya. Rashin taki ne."

Ya sauke gilashin mota, ya kai fuskarsa wajen iska.

"Mun wuce gada?"

"Yanzu muka wuce."

"Na ji. An yi wa gonar hagu huɗa, ƙamshin ya zo." Ya daɗe yana shaƙa. "A nan kika taɓa faɗawa cikin kwata da takalminki sabo."

"Malam, ka ji abin da na ce?"

"Kunnena lafiya lau yake, 'yata."

Mutumin hedikwata ya same mu a lambun. Saurayi ne mai ladabi, da allon rubutu da fom mai shafi huɗu, ya gaida Malam har da rusunawa, ya ce tun yana makaranta yake jin labarinsa. Na so a ce mugu ne, da na sami wanda zan tsana. Mai lambun kuma yana tsaye yana murza hula, shi ba ruwansa da lasisin kowa, tumatirinsa yake so a ceto.

Malam ya shiga tsakanin kunyoyi yana taɓa kan tsirrai da tafin hannu, kamar mai ƙirga 'ya'yansa. Ba wanda zai ce ba ya gani. Ya fara tambaya. Yaushe aka dasa? Sau nawa ake ban-ruwa? Daga wane gefe abin ya fara, gefen hanya ko gefen rijiya? Me ka fesa a baya, sau nawa? Mai lambun ya ce gefen hanya ne, kuma ya fesa maganin tsutsa sau uku a mako biyu. Malam ya ce, "Sau uku," ya gyaɗa kai. Mutumin hedikwata sai rubutu yake yana murmushi. Zuciyata ta fara kwanciya.

Sai ya durƙusa. Gwiwarsa ta yi ƙara har na ji. Ya laluba ya kama ganye ɗaya na ƙasa, ya juya shi, ya ɗaga gilashin ya kai ido. Ya matso da ganyen har yana taɓa masa hanci. Ya karkata wajen rana. Ya goge gilashin da bakin riga ya sake gwadawa. Ina tsaye a bayansa ina ta faɗa a cikin raina: rashin taki, Malam, kalma biyu ce, faɗe ta mu tafi.

"To, Baba," in ji mutumin hedikwata a hankali, "me ka gani?"

Malam ya sauke gilashin.

"Ban gani ba."

"Ka ɗauki lokacinka, ba sauri muke ba."

"Ɗana, ko ka ba ni har gobe ba zan gani ba. Idon ya tafi. Ina da zato, zato mai ƙarfi ma, amma ba zan sa bawan Allah ya sayi magani a kan zatona ba. Rubuta yadda na faɗa."

Alƙalamin saurayin ya tsaya. Ya kalle ni, na kalli ƙasa. Haushi ne ya fara zo mini kafin tausayi, haushi sosai, har na ji kamar in girgiza tsohon nan. Na zubar da mutuncina a mota saboda shi, shi kuma ya zo ya watsar a gaban baƙo.

Malam ya cire igiyar daga wuyansa ya ɗaga hannu sama, bai ma juyo ba, ya san inda nake tsaye.

"Zo ki duba mana. Me kika gani?"

Na durƙusa da zanena mai tsada a cikin laka. Na karɓi gilashin, igiyar da ɗumin wuyansa. Na juya ganyen.

Ƙananan jajayen ƙwari ne, irin masu saƙa kamar gizo-gizo, sun yi wa bayan ganyen farin zare, suna ta kai da komo. Na juya na biyu, haka. Na uku, haka. Fesa maganin tsutsa barkatai ya kashe ƙwarin da ke cinye su, suka samu fili. Da an bi maganata, da mai lambun ya zuba taki ya koma gida yana jira, mako biyu lambun ya ƙone.

Na faɗi abin da na gani.

"Haka na zata," in ji Malam. Daga nan ya sassauta murya yadda ni kaɗai zan ji. "A waya kika duba, ko?"

Ina da shekara arba'in da bakwai, shugabar ofis guda, sai ga ni a gabansa kamar ranar gonar wake.

Ni na yi wa mai lambun bayanin abin da zai yi, Malam na tsaye yana saurare, bai gyara mini ko kalma ɗaya ba. A jikin mota mutumin hedikwata ya miƙo mini fom ɗin. Ya cike komai da maki mai kyau, sai layin ƙarshe ya bari, inda aka tambaya ko malamin na iya duba amfanin gona da kansa. Ya ce, "Ranki ya daɗe, ke kika fi saninsa." Na rubuta a'a da hannuna, na sa hannu a kan layi daidai.

Da na mayar da shi gida Mama na bakin ƙofa. Ta dubi wuyansa ta ga babu igiya, ta dubi hannuna ta gan ta. Ta kama shi suka shiga, ta tura ƙofar. Yau wata biyu ke nan, in na gaishe ta tana amsawa, amma ba ta sake ce mini 'yata ba. Ban ga laifinta ba.

Duk Asabar ina zuwa. Ina tsinko ganye daga gonakin da na zaga cikin mako, don yanzu ina zagawa, na hana kowa a ofis amsa hoton waya sai ya taka gonar, suna ta zagina a bayan ido, su ta shafa. Malam na zaune a kujerar roba a barandarsa, rigar mai aljihu huɗu a jikinsa kamar mai jiran mota. Ina juya ganyen ɗaya bayan ɗaya ina faɗa masa abin da na gani, shi kuma yana murza su a yatsa yana shinshinawa. Wani lokaci ya yi mini faɗa, in ji daɗi har cikin raina.

Amma ba ganyen ne ya fi damunsa ba. Sai na tattara jakata zan tashi yake tambayar abin da yake so tun farko.

"Gonar hagu, bayan gada. Masarar ta kai ina?"

Satin farko ban sani ba. Ta gabanta na wuce da safen nan, ina waya. Na ga yadda fuskarsa ta yi, sai kawai ya ce in gaida gida.

Yanzu duk Asabar sai na tsayar da mota a bakin gadar. In sauka, in shiga cikin masarar har tsakiya, in tsaya in auna ta da jikina, in dubi launinta sosai don kada in manta kafin in isa. Jiya na ce masa ta wuce kaina, ta fara fitar da gemu, kore shar har bakin kwata.

Ya rufe idon da ba ya gani da shi, ya jingina da kujera.

"Kada ki yi sauri," in ji shi. "Sake faɗa mini tun daga bakin hanya."