Sunan Manaja Pyo Bai Sauka Ba

Ni Gwak Man-sik ban taɓa zama a aji ba, amma yaƙi bai kashe ni ba, yunwa ma ta gwada ta haƙura. Masu digirin kamfanin jiragen ruwan da na yi wa gadi a Busan kuwa, yawancinsu ni na raka su makabarta.

Kwamfuta ɗaya gare mu, ƙatuwa, kowane tebur da allonsa jone da ita. Wanda duk ke aiki, sunansa na nan a allo kowa na gani. Ƙarami ba ya tashi kafin babba, don haka sai sunan Manaja Pyo ya sauka ake ɗaukar jaka.

Injiniya Nam ne kullum ke musu da shi. "Yallaɓai, a saya wa kowa tasa mana. Mutum ya gama, ya kashe abarsa."

"Kowa da tukunyarsa ke nan?" in ji Pyo. "Gobe kuma ka ce kowa da kamfaninsa! Gida ɗaya, inji ɗaya."

Wata Asabar da hantsi aka bugo waya daga garin Masan, mahaifiyar Nam na gargara. Ya sa kwat, ya dubi allo. Sunan Pyo na nan, ƙofar ofishinsa a rufe, shi kuwa dama can ya hana a ƙwanƙwasa masa.

Na ce, "Kai ɗan boko, tafi mana! Allon ne ya haife ka?"

"Kawu, yanzu zai fito. In na tafi ba izini, cewa zai yi don musunmu na raina shi."

Rana ta take, ta karkata. Miyar kifin da aka kawo wa Pyo ta huce a bakin ƙofa. Kowa na buga maɓallan ƙarya, yana satar kallon sunan.

Da la'asar na sa kafaɗa na ɓalle ƙofar, don ni ko soja bai ba ni tsoro ba. Pyo na kife a kan tebur, jikinsa ya sandare. Likita ya ce tun safe ya cika.

Nam ya isa Masan an riga an rufe wa tsohuwar fuska.

Shekarar ba ta ƙare ba aka saya wa kowa tasa, Nam ya zama manaja. Ba sauran suna a allo. Sai yaran suka koma leƙen hasken fitila ta ƙarƙashin ƙofarsa.